Me ya hana shibra cinye gero? Amsa kan musayar gado da rabuwar jinsi gida biyu

Wani ɗalibin fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, a aji an koya mana cewa musayar gado tsakanin kuromosom ɗin uwa da na uba ita ce ke kawo sabon abu a cikin zuriya, saboda haka alheri ce. Sai kuma na karanta cewa idan jinsi ɗaya zai rabu biyu, raguwar wannan musayar ce ke taimakawa. Ta yaya abu ɗaya zai zama magani kuma ya zama cikas? Yawan musayar yana canzawa ne, ko a ƙayyade yake?"

Ƙanena, duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Musaya ba ta ƙirƙirar ƙwayar gado, ba ta kuma kashe ta. Aikinta ɗaya ne: ta raba ƙwayoyin da suke tare, ta haɗa waɗanda ba su tare. Idan haɗin da ke akwai bai dace da wurin zama ba, rabawar riba ce. Idan kuwa haɗin ya riga ya dace, rabawar asara ce. Ɓangarori biyu na jinsi ɗaya da suka fara bin hanya dabam-dabam, amma har yanzu suna barbara da juna, suna cikin hali na biyu. Shi ya sa a wurinsu yanayi ke fifita duk abin da zai rage musaya, amma fa a wasu wurare na kuromosom kawai, ba ko'ina ba. Yawan musayar kuwa yana canzawa, domin shi ma gadonsa ake yi.

Bari mu fara tabbatar da cewa abu ɗaya muke nufi. Kowane kuromosom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, kwafi biyu yake a jiki, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Gero yana da tagwaye 7, sauro yana da 3, mutum yana da 23. Lokacin da jiki zai yi ƙwan haihuwa, ko maniyyi, ko bununi a wurin shuka, sai kowane kuromosom ya jeru da ɗan'uwansa, su karye a wuri ɗaya, su yi musanyar gutsure, su sake haɗewa. Abin da za a miƙa wa ɗa ba na kaka mace ba ne zalla, ba na kaka namiji ba ne zalla, gauraye ne. Thomas Hunt Morgan ne ya kawo wannan bayani a 1911 daga aikinsa kan ƙudan Drosophila a Amurka, ɗalibinsa Alfred Sturtevant ya zana taswirar gado ta farko da shi a 1913, sannan Harriet Creighton da Barbara McClintock suka nuna a masara a 1931 cewa lallai gutsuren kuromosom ne ke sauya wuri. Ƙa'idar da ta fito mai sauƙi ce: ƙwayoyin gado biyu da ke kusa da juna da wuya a raba su, waɗanda ke nesa ko a kan kuromosom dabam rabin lokaci a rabe suke tafiya.

Tun a nan za ka ga yawan ba ɗaya ba ne. Mace a cikin mutane tana yin musaya sama da 40 a kowane ƙwai, namiji bai kai 30 ba. Namijin ƙudan Drosophila ba ya yi sam. A kan kuromosom ɗaya ma akwai inda ake yawan karyewa da inda ba a cika yi ba, kuma kusan kullum ƙugun kuromosom, wato wurin da yake tsukewa, shi ne mafi ƙarancin musaya. A gero abin ya fito fili ƙwarai: yawancin musayar a bakunan kuromosom take, tsakiyar kuwa shiru. Riƙe wannan, za mu buƙace shi.

Matsalar da ka hango, Joseph Felsenstein ya zayyana ta da lissafi a 1981. Ka ɗauka akwai tsiro iri ɗaya a kan tudu da cikin fadama. Wata ƙwayar gado tana sa jure fari, ta dace da tudu. Wata dabam tana sa fure da wuri, ta yadda masu ita za su fi barbara da junansu. Idan waɗannan biyun suna tafiya tare, to masu jure fari suna barbara da masu jure fari, rabuwa ta kama hanya. Amma bununi ba ya sanin iyaka. Da zarar an sami ruwa-biyu, wato ɗan barbarar na tudu da na fadama, musaya za ta ba da ɗa mai jure fari amma mai fure a makare, da wani mai fure da wuri amma ba ya jure fari. Haɗin ya warware. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Idan babu abin da ke tsare haɗin, kuma ƙwayoyin biyu a rabe suke, kowace zuriya rabin alaƙarsu ke tafiya, bayan zuriya 5 abin da ya rage kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai. Idan kuwa suna maƙwabtaka har sau ɗaya cikin 100 kawai ake raba su, bayan zuriya 50 kusan kashi 60 cikin 100 na alaƙar na nan. Wannan tazarar ita ce dukan maganar.

Yanzu mu shiga gona, domin misalin da ya fi kowanne yana gaban idonka kowace damina. Gero shuka ce mai barbarar waje. Zangarniya tana fara fitar da sashen mace kafin ta yi bununi, saboda haka yawancin tsabar da ke kanta daga bununin wata zangarniya ta samu. An mayar da shi shukar gida a yammacin Sahara, kuma an tono ragowarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekara kusan 4,500. Kakansa na daji bai ɓace ba, yana nan a arewacin Sahel, har a ƙasarmu an yi nazarinsa a yankin Keita. Su biyun suna barbara, ƴaƴansu kuma suna haihuwa. Shibra ita ce mai kama da tsaka-tsakinsu: ƙaramar zangarniya, yawan ƴaƴan kara, saurin nuna, da kakkaɓe tsaba ƙasa tun kafin girbi. Manomi a Tibiri ko Mayahi bai buƙatar a kwatanta masa ita. Wasu na cire ta lokacin noma in sun gane ta, wasu na barin ta saboda tana riga gero nuna, ta rufa asiri a lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

To ga abin tambaya. Shekara dubbai ana wannan cuɗanya, me ya sa gero bai narke ya koma abu ɗaya da na daji ba? Kaso mai yawa na amsar hannun manomi ne, wanda ke zaɓen manyan zangarnu masu cika ya ajiye iri. Akwai kuma ɗan shinge na halitta: Amoukou da Marchais sun nuna a 1993 cewa idan bununin na daji ya hau geron gida, tsaba da yawa ba ta cika da kyau. Amma akwai kashi na uku, wanda ya shafi tambayarka kai tsaye. Valérie Poncet da abokan aikinta a Faransa sun zana taswirar halayen da suka raba geron gida da na daji, aikin ya fito a 2000. Sun tarar da cewa ƙwayoyin da ke riƙe da manyan halayen zangarniya, irin su rashin kakkaɓe tsaba da yanayin ɓawon da ke rufe ta, ba a warwatse suke ba, sun taru ne a rukuni na 6 da na 7 na taswirar, wato kan kuromosom biyu kawai, kusa da juna. Ka auna amfanin wannan. Da halaye 5 ne a kan kuromosom 5 dabam-dabam, ruwa-biyu zai miƙa su duka a nau'in gida sau ɗaya ne kawai cikin 32. In kuwa a ɗaure suke wuri ɗaya, kusan sau ɗaya cikin biyu. Tsintsiya ce mai maɗauri ɗaya: a ɗaure tana shara, a kwance kowane tsinke ya kama gabansa. Wasu masu bincike ƴan Japan, Miura da Terauchi, sun yi aiki a gonakin Mali, suka bayyana a 2005 cewa halayen geron mai kama da shibra a dunƙule ake gadonsu, kamar ƙwaya ɗaya.

Ina so ka lura da iyakar misalin. Geron gida da na daji jinsi ɗaya ne har yau, ba su gama rabuwa ba, kuma mai zaɓen a nan mutum ne. Abin da suke nuna mana shi ne matakin farko: siffofi biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, bununi yana ketarawa, amma siffofin ba su narke ba, saboda ƙwayoyin da suka bambanta su ba su cika rabuwa.

A nan ne gizo ke saƙa: ƙwayoyin sun taru ne saboda yanayi ya rage musaya a tsakaninsu, ko kuwa dama can wurin ba a cika musaya ba, sai waɗanda suka faɗo a wurin suka tsira, na sauran wurare suka wanke? Dukansu suna faruwa, kuma raba su shi ne aikin da ya fi wahala a wannan fanni.

Hanya ta farko, wadda aka fi sani, ita ce juyin kuromosom. Wani yanki yana karyewa a wuri biyu, ya juya, ya sake mannewa kai a ƙasa. Sturtevant ne ya fara gano irin wannan a 1921. Mai ɗauke da juyayyen kwafi biyu lafiya lau yake, musaya tana tafiya yadda ta saba. Amma wanda ya gaji juyayye ɗaya da miƙaƙƙe ɗaya, wato ruwa-biyu, in aka yi musaya a cikin yankin, kuromosom ɗin da za su fito naƙasassu ne, wani da ragi wani da ƙari, ba su kai wa ga zuriya. Sakamakon shi ne yankin gaba ɗaya, da ɗaruruwan ƙwayoyin da ke cikinsa, yana wucewa a dunƙule. Dubi kyawun abin: musayar ba ta ragu a cikin kowane ɓangare ba, ta ragu ne tsakanin ɓangarorin biyu kaɗai, daidai inda ake buƙata. Masana na da sun ɗauka cewa juyi yana raba jinsi ne ta hanyar rage haihuwar ruwa-biyu. Matsalar wannan ra'ayi ita ce, juyin da ke cutar da mai ɗauke da shi haka ta yaya zai yaɗu tun farko, alhali lokacin da yake sabo duk masu shi ruwa-biyu ne? A 2001 Loren Rieseberg, daga aikinsa kan furen sanfulawa na daji, da Mohamed Noor da abokansa, daga ƙudajen Drosophila pseudoobscura da persimilis, suka karkatar da hankali zuwa toshe musaya. Sannan a 2006 Mark Kirkpatrick da Nick Barton suka nuna da lissafi cewa sabon juyi da ya yi sa'ar kama ƙwayoyi biyu ko fiye da suka dace da wuri zai yaɗu da kansa, muddin baƙin ƙwayoyi na ci gaba da shigowa daga maƙwabta. Ba ya buƙatar wata fa'ida tasa, tsare haɗin kawai ya isa.

Wannan sharaɗin na shigowar baƙi yana da muhimmanci, kuma ana iya gwada shi. Idan ɓangarorin biyu teku ko hamada ta raba su, babu barbara, to babu abin da musaya za ta ɓata, babu kuma dalilin rage ta. Kenan ya kamata a fi samun juyi tsakanin jinsunan da ke zaune wuri ɗaya. Haka aka gani a ƙudajen Drosophila, haka kuma Hooper da Price suka gani a tsuntsaye a 2017: dangin da mazauninsu ya haɗu sun fi bambanta da juyi. A wani fure na yammacin Amurka mai suna Mimulus guttatus, Lowry da Willis sun nuna a 2010 cewa juyi ɗaya ne ke ɗauke da babban kaso na bambancin da ke tsakanin nau'in da ke mutuwa kowace shekara a busasshen wuri da nau'in bakin teku mai daɗewa, har da lokacin fure. Wato jure wuri da lokacin barbara, abubuwa biyun da Felsenstein ya ce musaya za ta raba, an same su cikin ɗauri ɗaya.

Mu a nan ba sai mun je Amurka ba, muna da sauro. Mario Coluzzi, masanin Italiya, shi da abokansa sun bi sauron Anopheles gambiae, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, daga kurmin kudancin Najeriya zuwa busasshiyar arewa, aikin da suka wallafa a 1979. Sun ga wani juyi da ake kira 2La, mai tsawon harafin gado (haruffan da saƙon gado ke rubuce da su a kan kuromosom) sama da miliyan 20, yana da ƙaranci a kurmi, yana ƙaruwa yayin da ake hawowa arewa, har ya zama kusan kowane sauro yana da shi a yankin da ya yi iyaka da mu. Yana kuma ƙaruwa da rani. Gwaje-gwajen baya sun danganta shi da jure zafi da bushewa. Sauron da ke iya rayuwa a iskarmu ta Maraɗi, wani ɓangare na ƙarfinsa daga irin wannan ɗaurin yake. Daga baya aka gane cewa abin da ake kira gambiae a Afirka ta Yamma kashi biyu ne da ba su cika barbara da juna ba, aka sa musu M da S. Na M ya fi son ruwa mai daɗewa irin na gonakin shinkafa da wuraren ban-ruwa, na S ya fi son ƴan kududdufan damina. A 2013 aka ba M suna nasa, Anopheles coluzzii, don girmama Coluzzi, S kuma ya riƙe sunan gambiae.

Labarin waɗannan biyun ne ya koya wa fannin hattara. A 2005 Turner da Hahn da Nuzhdin suka kwatanta gadon M da S, suka ga kusan ko'ina iri ɗaya ne, ban da ƴan wurare ƙalilan, mafi fitowa a cikinsu kusa da ƙugun kuromosom X da na 2. Aka kira su tsibiran rabuwar jinsi, aka ce nan ne ƙwayoyin shinge suke, ƙarancin musaya yana kare su, sauran gadon kuwa yana gauraya. Bayani ne mai daɗin ji, mutane da yawa suka karɓa. Sai a 2009 Noor da Bennett suka yi tambaya ko tsibirai ne na gaske ko ƙawalwalniya. Hujjarsu ita ce: a wurin da musaya ta yi ƙaranci, duk lokacin da wata ƙwaya mai amfani ta yaɗu, tana jan maƙwabtanta duka, duk lokacin da aka kawar da mai cutarwa, ana kawar da maƙwabtanta tare da ita. Bambancin da ke cikin kowane ɓangare sai ya ragu a wurin. Ma'aunin da aka fi amfani da shi kuwa yana gwada bambancin tsakani ne da bambancin ciki, saboda haka in na ciki ya faɗi, sai ma'aunin ya hau, ko da babu wani shinge. A 2014 Cruickshank da shi Hahn ɗin da kansa suka sake duba bayanan jinsuna da dama, har da sauron, suka ga yawancin tsibiran sun fi kama da wannan bayani na biyu. Ina ganin girman malami a nan, ya koma ya binciki maganarsa da hannunsa.

Sauron ma ya ba da nasa gwajin. Wata ƙwaya mai sa jure maganin da ake sa wa gidan sauro, ana kiranta kdr, tana zaune a cikin tsibirin kuromosom na 2. A Mali, wajen 2006, lokacin da aka yawaita rabon gidajen sauro masu magani, ta ketara daga gambiae zuwa coluzzii, ta ja babban yankin da ke kewaye da ita, saboda musaya ba ta isa ta yanke ta daga maƙwabtanta ba. An ga irin haka a Gana. Tsibiri guda ya nutse ke nan. Amma jinsunan biyu ba su narke ba, sun ci gaba da zama dabam. Kenan wancan tsibirin ba shi ne katangar ba. Na kuromosom X ya tsaya, kuma gwaji ya nuna yana da hannu a zaɓen abokin barbara. Darasi biyu a abu ɗaya: ba kowane wuri mai ƙarancin musaya ne ke riƙe da rabuwa ba, kuma ƙarancin musayar da ke tsare bambanci shi ne dai ke sa babban gutsure ya ketara a dunƙule idan zaɓi ya yi ƙarfi. Wannan ba maganar littafi ba ce kawai ga garin da ke cika asibiti da yara masu zazzaɓin cizon sauro daga Agusta zuwa Oktoba.

Wani abin da ya rage wa labarin juyi armashi shi ne shekarunsa. Shi 2La ya girmi rabuwar gambiae da coluzzii nesa ba kusa ba, har ya taɓa ketarawa tsakanin jinsunan dangin. A ƙudajen persimilis ma, binciken 2018 ya nuna juye-juyen sun riga rabuwar jinsin samuwa. Kuma akwai jinsunan da suka rabu suna barbara ba tare da wani babban juyi ba, kamar malam-buɗe-littafin Heliconius melpomene da cydno na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ra'ayina, bisa abin da ke hannu, shi ne sau da yawa rabuwar jinsi ba ta ƙera sabon ɗauri, tana amfani ne da wanda ta tarar. Abin da ya tabbata sosai shi ne tacewa: a kifin Xiphophorus na Meziko, da a Heliconius, an ga cewa gadon baƙo ya fi wanzuwa a wuraren da musaya ta yi yawa, ya fi gushewa a inda ta yi ƙaranci. Dalili kuwa a fili yake. A wurin musaya mai yawa, ƙwayar baƙo marar laifi tana saurin rabuwa da maƙwabciyarta mai cutarwa, ta tsira. A wurin musaya kaɗan, tare ake kore su.

Ban da juyi, akwai ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne daidaita yawan musayar kanta. Masatoshi Nei ya fara lissafinsu a 1967, Marcus Feldman ya faɗaɗa, kuma sakamakon da ya fi fitowa shi ne cewa a zaman da ya daidaita, yanayi yana karkata ga ragewa. An san wasu da suna: RNF212 a mutane da dabbobin gida, HEI10 a tsirrai, mei-218 a ƙudaje, wadda aka nuna a 2018 cewa ita ke da alhakin kaso mai yawa na bambancin musaya tsakanin Drosophila melanogaster da mauritiana. Sai dai irin waɗannan suna taɓa kuromosom duka ne, a cikin ɓangare da tsakanin ɓangarori, shi ya sa ba su kai juyi dacewa da aikin shinge ba. Ragewar kuma tana da iyaka. Kowane tagwayen kuromosom na buƙatar aƙalla musaya ɗaya kafin su rabu daidai, in babu ita ƙwai yakan fito da ƙari ko ragi. Sannan yankin da ya daɗe ba musaya yana tara ƙwayoyi masu lahani da ba ya iya zubarwa. Kuromosom Y na namiji, wanda ya ƙanƙance ya rasa yawancin ƙwayoyinsa, shaida ne a kan haka. Malaminka da ya ce musaya alheri ce, wannan yake nufi, kuma ya yi gaskiya.

Akwai fuska ta ƙarshe da ba ka tambaya ba amma ta shiga ciki: wani lokaci na'urar musayar ce da kanta ke zama shinge. Ka san alfadari. Doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari 63, kuma na uwa da na uba sun sha bamban a tsari har ba su iya jeruwa yadda ya kamata, shi ya sa ba ya haihuwa sai nadiran. A ɓeraye an gano abin da ya fi wannan dabara. A 2009 ɗakin binciken Jiří Forejt a birnin Prag ya gano cewa wata ƙwaya mai suna Prdm9 ce ke sa mazan da aka haifa tsakanin ɓeran gida na gabashin Turai da na yammaci su kasa haihuwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 2010, ƙungiyoyi uku suka gano aikinta: ita ce ke nuna wuraren da za a karya kuromosom don musaya. Tana neman wani jerin haruffa ne ta manne. Abin mamaki, wurin da aka karya ana gyara shi ne da kwafin ɗan'uwansa, saboda haka jerin da take so yana gogewa sannu a hankali, ita kuma dole ta canza ta nemi sabo. Tana cikin ƙwayoyin da suka fi saurin canzawa a dabbobi masu shayarwa. Ko a tsakanin mutane akwai bambanci: binciken 2011 ya sami matattarar musaya kusan 2,500 da ke aiki a masu asalin Afirka ta Yamma amma kusan ba su aiki a Turawa. A ɓeran ruwa-biyu, kowace Prdm9 ta riga ta goge wurarenta a kuromosom ɗin gidansu, sai ta fi mannewa a na baƙo, karyewar ta zama gefe ɗaya, jeruwa ta gagara, maniyyi bai samu ba. A 2016 aka sauya wa ɓera sashen mannewar da na mutum, sai haihuwar ruwa-biyun ta dawo. A nan ba wai yanayi ya rage musaya don tsare haɗi ba ne. Wuraren musayar ne suka yi ta sauyawa a kowane gida, rabuwar ta biyo baya. Tsirrai da tsuntsaye ba su da wannan ƙwayar, karnuka ma tasu ta lalace, don haka kada ka nemi wannan bayani a gero.

Tunda noma kake karanta, ga inda abin zai same ka a aiki. Geron daji da tsofaffin irinmu kamar zango da maiwa suna ɗauke da halayen da mai kyautata iri ke so. Duk wanda ya yi aikin haɗa iri, a tashar INRAN, hukumar binciken noma ta ƙasarmu, da ke Tarna inda irin geron nan CIVT ya samo sunansa, ko a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT da ke Sadore, ya san ciwon: ka ɗauko hali ɗaya mai kyau daga na daji, ya zo da tarkacen maƙwabtansa. In halin yana bakin kuromosom, ƴan zuriya kaɗan na mayar da barbara ga geron gida sun isa a tsabtace shi. In yana kusa da ƙugu, za ka shuka dubban tsirrai kana neman ɗayan da musaya ta faɗa daidai. Ɗaurin da ya tsare gero daga shibra shi ne yake wahalar da mai haɗa iri. Tun da aka fitar da cikakken jerin gadon gero a 2017, aƙalla ana iya sanin inda hali yake kafin a ɓata damina.

Idan kana son mayar da wannan aikin bincike, kada ka tsaya ga nuna cewa ƙwayoyin bambanci suna wurin da musaya ta yi ƙaranci, domin duka bayanan biyu sun yi hasashen haka. Zana taswira uku: gida da gida, daji da daji, sannan gida da daji. In musayar ta faɗi a ta uku kaɗai, nemi juyi. In ta yi ƙasa a duka ukun, wurin dama haka yake, sai ka duba wani dangin gero na nesa ka ga ko shi ma haka ne a daidai wannan yanki. Sannan ka kwatanta geron da ake nomawa kusa da na daji a arewa da wanda ake nomawa a kudancin Maraɗi, wajen Madarunfa, inda shibra ce kawai maƙwabciyarsa. In shigowar baƙon bununi ce ke matse musaya, a na arewa ya kamata ɗaurin ya fi tsauri.